MALAM ABDULLAHI ƊAN FODIYO (1766-1829) DA JARRABAWAR GIRMAN KAI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda girma da ɗaukaka suka keɓanta gare Shi Shi kaɗai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin manyan malaman ƙasar Hausa, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda jama'a suka fi sani da Abdullahin Gwandu, Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya. Dalilin da ya sa muka zaɓi tarihinsa shi ne, wannan bawan Allah ya ga ɓarnar girman kai da idonsa a wurare uku. Ya gan ta a fadar sarki, ya gan ta a cikin rundunar da shi kansa yake jagoranta, sa'an nan a ƙarshen rayuwarsa jarrabawar ta zo masa shi da kansa, ta hanyar da ta fi kowace hanya wuyar ganewa.

Malamai sun rarrabe tsakanin cututtuka biyu da sukan zo tare. Ta farko ita ce ujubu, wato jiji da kai, mutum ya dubi ilminsa ko ibadarsa ko ƙarfinsa ya ga kamar shi ya ba kansa, ya manta da wanda Ya ba shi. Ta biyu ita ce kibru, wato girman kai, mutum ya ɗora kansa a kan wani. Hadisi ingantacce da Imamu Muslim ya ruwaito ya bayyana girman kai da abu biyu, ƙin karɓar gaskiya da raina mutane, kuma ya yi gargaɗi cewa mai gwargwadon ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafta abubuwa bakwai da mutane kan yi girman kai da su a cikin littafinsa Ihya'u Ulumid Dini: ilmi, da ibada, da nasaba, da kyan halitta, da ƙarfi, da dukiya, da yawan mabiya. Ya sanya ilmi a gaba, domin girman kai ya fi saurin kama malamai.

ASALINSA DA NEMAN ILMINSA

Mu mutanen ƙasar Ƙonni, daga Bazaga zuwa Malbaza da Illela, tarihin wannan gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Malam Abdullahi da kansa ya rubuta cewa kakansu Musa Jakollo ya taso ne da jama'arsa Toronkawa daga Futa Toro, a ƙasar Sanagal ta yau, ya sauka a Ƙonni. Zuriyarsa ta daɗe a nan kafin wani reshe nata ya koma Maratta, kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu a shekara ta 1754. Daga baya iyalin suka zauna a Ɗagel. An haifi Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1766, saboda haka Shehu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu.

Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi a hannun wansa Usmanu, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da Witiriyya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na zamanin jahiliyya, da tauhidi daga littattafan Sanusi, da nahawu daga Ajurumiyya da wasunta, da fiƙihu daga Ahalari da Ashmawi da Risala, da tafsirin Alƙur'ani tun daga Fatiha har zuwa ƙarshe. Bayan wannan ya zauna gaban malamai masu yawa. Daga cikinsu akwai Shaihu Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin Shehu, da Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda suka karanci Sahihul Buhari a wurinsa shi da Shehu.

A nan akwai abin lura. A shekara ta 1227 bayan Hijira (1812), lokacin da sunansa ya riga ya cika ƙasa, yana riƙe da mulkin yammacin daula, Malam Abdullahi ya zauna ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, wanda ya lissafta malamansa ɗaya bayan ɗaya a cikinsa, tare da littafin da ya karanta a wurin kowanne. Mutum mai jiji da kai yakan so a ɗauka cewa ilminsa tsirowa ya yi kamar ciyawar damina, yakan ji nauyin ambaton wanda ya fara koya masa baƙi da wasali. Shi kuwa wannan malami ya bar wa na baya shaida a rubuce cewa duk abin da ya sani karɓowa ya yi daga hannun wasu.

WA'AZI DA TARON MAGAMI

Malam Abdullahi ya kasance tare da Shehu a tafiye-tafiyensa na wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, inda suka yi kimanin shekara biyar a Zamfara suna karantar da mutane tauhidi da hukunce-hukuncen tsarki da salla. Shi ne alƙalamin jama'ar a harshen Larabci. Lokacin da wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a kan halartar mata wurin wa'azinsa, Shehu Abdullahi ya umarta ya ba da amsa, shi kuwa ya amsa da waƙar Larabci, ya nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni.

Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Malam Abdullahi yana wurin, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya ga sarkin da ake tsoro a duk ƙasar Hausa ya saurari malami a gaban jama'a ya karɓi maganarsa, kuma wannan sauraro bai rage wa Bawa kome daga kwarjininsa ba.

GIRMAN KAI NA MULKI: YUNFA DA TAFKIN KWATTO

Bayan Bawa sai Yakuba, sa'an nan Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana wanda bai gāji Musulunci ba shiga cikinsa, ya kuma hana maza rawani da mata lulluɓi. Da Nafata ya rasu ɗansa Yunfa ya hau gado. Ruwaya ta shahara cewa Yunfa ya taɓa karatu a gaban Shehu, kuma Shehu ya goyi bayan naɗinsa. Amma ba a daɗe ba sai ya kira Shehu zuwa Alkalawa, ya yi yunƙurin harbe shi da bindiga, wutar ta koma kansa. Malam Abdullahi yana tare da wansa a wannan rana, kuma ya ba da labarin abin a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati.

Al'amari ya ƙara lalacewa bayan da rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta kamo Musulmi ta biyo da su ta kusa da Ɗagel, jama'a suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga Ɗagel shi da iyalinsa, ya bar jama'a. Shehu ya zaɓi ya fita tare da jama'arsa. A watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairu 1804, suka yi hijira zuwa Gudu, wadda take can kudu maso yamma da mu a tsallaken iyakar yau. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Malam Abdullahi ne farkon wanda ya miƙa hannu, sa'an nan Muhammadu Bello ɗan Shehu. An yi aike tsakanin Gudu da Alkalawa domin neman sulhu, Shehu ya nemi sarki ya tuba ya tsayar da adalci ya mayar da abin da aka ƙwace, amma fada ba ta karɓa ba.

Yaƙin ya taɓa ƙasarmu tun farkonsa, domin Matankari da Birnin Ƙonni suna cikin garuruwan farko da rundunar jama'a ta ci. Suna Ƙonni ne labari ya iske su cewa Yunfa ya nufi Gudu da kansa, suka juya da gaggawa. A watan Yuni 1804 aka haɗu a Tafkin Kwatto, Malam Abdullahi yana jagorantar jama'a. Yunfa ya zo da dawakin lifidi da mataimaka daga Abzinawa. Su kuwa jama'a yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kimanin ashirin. Duk da haka rundunar Gobir ta karye, sarki ya tsere ya bar kayan sarauta da guzuri a fagen fama. Daga baya Yunfa ya aika wa sauran sarakunan Hausa gargaɗi, inda ya kwatanta al'amarin da 'yar ƙaramar wuta da ya raina a ƙasarsa har ta girma ta ƙone shi. A shekara ta 1808 Alkalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu yana yaƙi.

Yunfa jarumi ne, kuma Gobir daula ce mai tsohon tarihi. Jarumta ba ta yi masa ƙaranci ba. Abin da ya kayar da shi su ne abubuwan nan biyu da hadisi ya ambata. An kawo masa gaskiya ya ƙi karɓa don tana fitowa daga bakin talakawansa, sa'an nan ya dubi mutanen da ba su da doki ya raina su. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Sai dai muna jan hankalin mai karatu, kada wani ya ɗauki wannan labari ya yi wa ɗan'uwansa Bagobiri gori da shi, domin a cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa da Fulani da Abzinawa, kuma alfahari da ƙabila shi kansa reshe ne na wannan cuta da muke magana a kanta.

JIJI DA KAI NA NASARA: HANYAR KANO

Malam Abdullahi ya kwatanta ranar Kwatto da ranar Badar. To, amma wanda ya san Badar ya san Hunainu, inda a shekara ta 8 bayan Hijira Musulmi dubu goma sha biyu yawansu ya ba su sha'awa, yawan bai amfana musu kome ba, kamar yadda Allah Ya ba da labari a cikin Suratut Tauba. Irin wannan darasi bai daɗe ba ya iske jama'ar Shehu. A ƙarshen shekara ta 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, suka yi asarar kimanin mutum dubu biyu, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu. A shekara ta 1805 Malam Abdullahi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi, jama'a suka koma Gwandu da zama. Kafin shekarar ta ƙare kuma sai aka karya su a Alwasa. Malamansu sun danganta wannan karaya da rashin ɗa'ar mayaƙa, waɗanda suka washe wani gari da ke zaman lafiya da su a kan hanya, shugabanni suna hana su suna ƙin ji.

Waɗanda suka mutu a waɗannan wurare yawancinsu almajiran farko ne, mutanen da suka sha tarbiyya a Ɗagel. Waɗanda suka cika gurbinsu da yawa nasara ce ta jawo su. Malam Abdullahi ya duba ya ga neman sarauta da muƙami ya yi yawa, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin da ake sukuwa da su a cikin gari, ga masallatai da makarantu an yi sakaci da su. Mutanen da suka fito domin kawar da zaluncin sarakuna sun fara kama da sarakunan, alhali kuwa suna ganin kansu tsarkaka saboda tutar da suke ƙarƙashinta. Wannan shi ne ujubu na jama'a, mutum ya dogara da sunan ƙungiyarsa ya daina binciken zuciyarsa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, a cikin Tazyinul Waraƙati bai ware kansa daga wannan zargi ba. Ya lissafta kansa cikin waɗanda abin ya shafa, ya ji tsoron kada ya halaka tare da su. Saboda haka wajen shekara ta 1222 bayan Hijira (1807), ana kan hanyar yaƙin Alkalawa, ya sulale daga rundunar tare da mutane ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Wazirin Shehu ne a lokacin, mutum na biyu a daula, ya bar duk wannan ya bi daji.

Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka riƙe shi suka roƙi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya nuna musu cewa abin da ya gani a wurinsu shi ne dai abin da ya gudo ya bari. Duk da haka ya zauna ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, har suka karya kayan kiɗan fada suka mai da kwarkwaron tambura abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma wurin Shehu. Komowar nan ma darasi ce. Da ya ci gaba da tafiya, da ana iya cewa ya tsira da kansa ya bar jama'a a cikin cutarsu, kuma Shaiɗan yakan shigo wa mai gudun duniya ta wannan ƙofa, ya nuna masa cewa shi kaɗai ne ya rage na kirki.

ILMINSA DA SAƁANINSA DA SHEHU

A wajen shekara ta 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. Mulki bai hana shi rubutu ba. Ya wallafa Liya'ut Ta'awili a tafsiri, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu, da Kifayatu Lu'afa'is Sudan wanda ya fi shi gajarta, da Albaharul Muhiɗu a nahawu, da Alhisnur Rasinu a sarfu, da littattafai da dama a kan shari'a da siyasa da tarbiyyar zuciya.

Ya saɓa wa Shehu a wasu mas'aloli. Shi yana ganin a nisanci sunayen sarauta irin na mulukiyya, da kiɗe-kiɗen fada, da sanya tufafin alfarma, don tsoron kada shugabanci ya rikiɗe ya koma sarautar gado da taƙama. Shehu kuwa, a cikin Najmul Ihwani, ya sassauta a inda malamai suka yi saɓani, domin kada a ƙuntata wa jama'a. Kowannensu ya rubuta hujjarsa, kuma wannan bai sa ƙane ya fita daga biyayyar wansa ba, bai kuma sa wa ya tuɓe ƙanensa ba. Malaman zamaninmu da saɓani a kan mas'ala guda yakan sa su raba masallaci, suna da abin dubawa a nan.

JARRABAWAR DA TA ZO MASA SHI KANSA

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817. Duk wanda ya dubi al'amarin a wannan rana zai ga cewa Malam Abdullahi yana da hujjar sa rai da gadon shugabanci. Shi ne ƙanen Shehu kuma wazirinsa, shi ne farkon mai mubaya'a a Gudu, shi ne jagora a Kwatto da Birnin Kabi, kuma ba a samun wanda ya fi shi ilmi a cikin jama'a. Da labarin rasuwar ya same shi ya hau ya nufi Sakkwato, sai ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma an rufe ƙofar gari. Ya juya ya tafi Gwandu. Dattijo mai shekara hamsin da ɗoriya, an gabatar da ɗan wansa a kansa, yaron da ya girme shi da shekara goma sha biyar, wanda kuma ya yi karatu a gabansa.

Ya 'yan'uwa, wannan ita ce ƙofar da ta fi wuya. Girman kan jahili da dukiyarsa kowa yana ganinsa, har shi ma wani lokaci yakan ji kunya. Amma idan mutum ya cancanta da gaske, aka kuma tsallake shi da gaske, to a nan ne zuciya takan sami hujjojin da ba a iya karyawa, ta sanya wa fushinta rigar kishin gaskiya. Iblis ma da hujja ya zo, ya auna asalinsa da na Annabi Adamu (A.S.) ya yanke wa kansa hukuncin fifiko, bayan doguwar ibada.

Gaskiya ne abin ya yi wa Malam Abdullahi zafi, kuma an yi 'yan shekaru akwai sanyin dangantaka tsakanin Gwandu da Sakkwato. Shi ɗan Adam ne, ba ma'asumi ba. Amma a duba abin da ya kame daga gare shi. Yana da rabin daula a hannunsa, da mayaƙa, da almajirai masu jin maganarsa, kuma lokacin ƙasa tana cike da tawaye, har Malam Abdussalami ya yi bore a Kware. Da ya ɗaga tuta a kan Bello, da ya sami mabiya, da kuma jinin Musulmi ya kwarara. Bai ɗaga ba.

Bayan an murƙushe boren Kware a farkon 1818, sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Wajen shekara ta 1820 Sarkin Musulmi Bello ya taho da rundunarsa ya taimaki baffansa, suka ci garin tare. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu a bayan yaƙin, kowa yana kan dokinsa, Bello ya yi haramar sauka domin girmama baffansa kamar yadda al'ada ta tanada, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi kuma ya sunkuya ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ƙarami ya ba girma haƙƙinsa, babba kuma ya ba shugabanci haƙƙinsa, kowanne ya rigayi ɗan'uwansa zuwa ga tawali'u. Da wannan aka ɗinke ɓarakar, Gwandu ta ci gaba da kula da yamma, Sakkwato tana shugabantar daula, kuma gidajen biyu suka zauna a kan wannan tsari har zuwan Turawa a 1903.

RASUWARSA DA ABIN DA ZA MU ƊAUKA

A shekarunsa na ƙarshe Malam Abdullahi ya janye daga yawancin harkokin mulki, ya bar su a hannun ɗansa Muhammadu da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan Hijira, wato 1829, kuma a can kabarinsa yake. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa.

Yunfa an neme shi ya saurari talakawansa ya ƙi, mulkin da yake tsoron ya ragu ya tafi gaba ɗaya. Malam Abdullahi ya sunkuyar da kai ga ɗan wansa a gaban runduna, ga shi kusan shekara ɗari biyu bayan rasuwarsa ana karanta tafsirinsa a zaurukan malamai daga Gwandu har Tawa da Agadas. Wannan ya yi daidai da abin da ya tabbata a hadisi, cewa babu wanda zai ƙanƙan da kansa domin Allah face Allah Ya ɗaukaka shi.

Mu a yau ba a jarrabe mu da gadon daula ba, amma jarrabawar tana nan a gwargwadonmu. Tana zuwa ranar da za a zaɓi limami ko na'ibi a tsallake wanda yake ganin ya fi kowa karatu. Tana zuwa lokacin da za a naɗa shugaban kwamitin masallaci a bar wanda ya fi kowa ba da kuɗin gini. Tana zuwa wa alhajin da ya dawo daga Makka ya fara jiran a riga shi sallama, da ɗalibin da ya dawo daga jami'a ya raina malamin zauren da ya koya masa alwala, da mai gona ko mai shago da ba ya iya cin abinci kwano ɗaya da ɗan ƙodagonsa. Tana kuma zuwa wa ƙungiya sukutum, ranar da 'ya'yanta za su fara ganin cewa su kaɗai ne a kan shiriya, sauran Musulmin gari kuwa abin tausayi ne ko abin raini.

Malaman tarbiyya sun ba da ma'auni mai sauƙi wanda kowa zai iya gwada kansa da shi. Idan gaskiya ta fito daga bakin wanda kake ganin bai kai ka ba, a gaban mutane, shin kana iya karɓa har ka gode masa? Idan aka gabatar da wani a wurin da kake ganin naka ne, shin kana iya bin sa salla da zuciya ɗaya? Wanda ya ji nauyin waɗannan a ransa, to ya san akwai sauran aiki. Maganin kuwa, kamar yadda suka faɗa, ilmi ne da aiki: mutum ya tuna farkonsa ɗigon ruwa ne, ƙarshensa gawa ce da za a ɗauka a makara, duk abin da ke tsakani kuma aro ne. Sa'an nan ya tilasta wa kansa ayyukan masu tawali'u, ya riga mutane sallama, ya ɗauki kayansa da kansa daga kasuwa, ya zauna inda ya sami wuri, ya ambaci malamansa da alheri, ya je ya nemi sulhu da ɗan'uwan da suka ɓata ko da shi ne babba.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai da jiji da kai da riya da hassada, Ya nuna mana aibobin kanmu kafin ranar da za a tone su, Ya haɗa kan malamanmu da shugabanninmu a kan gaskiya. Allah Ya ji ƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello, da iyayenmu da malamanmu da sauran Musulmi baki ɗaya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, amin.